Rasuwar Mai Gunaguni, Janaretan da Aka Raba da Ƙasa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa, Kaka, tsohuwar gidan nan mai jar ƙofa, a madadin 'ya'yanta da surukanta da jikokinta, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin moriyarsa, rasuwar janaretan gidanta, wanda aka fi sani da Mai Gunaguni. Ya rasu da rana tsaka, ana tafka ruwan sama, yana bakin aikinsa, bayan doguwar jinyar da aka ƙi yarda jinya ce.

Kaka ta ce a faɗa tun daga farko, don kada wani ya zo gaisuwa ya miƙe ƙafa yana cewa ai tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Abin da ya kashe marigayi yana nan cikin gidan, bai fita ba, kuma ranar da ya ɗauke shi sai da ya miƙa hannu ga matar Auta, ƙaramin ɗanta, saura ƙiris da yanzu sunan mutum ake kira a wannan sanarwa. Ga shi kuma an ce wani sabon janareta na nan tafe a kwalinsa, za a jona shi daidai inda aka cire gawar, ba tare da an gyara komai ba. Wannan ne ya hana Kaka sakat, ba rashin fanka ba.

Marigayi ya shigo gidan nan tun maigidan Kaka na raye, a bayan motar kaya, jajir da shi, yana ƙamshin sabon fenti. Unguwar kuwa kowa ya san halinta: an kafa turakun wuta tun yaran gidan suna rarrafe, har yau tsuntsaye ne kaɗai ke cin amfaninsu. Saboda haka shekara da shekaru shi ne hasken gidan, shi ne sanyinsa, shi ne gugarsa. Ba shi da saurin tashi, wannan gaskiya ce, kuma ba a yi wa mamaci ƙarya. Sai an ja igiyarsa ya ce tuf, ya yi shiru kamar yana shawara da zuciyarsa. A sake ja ya ce tuf-tuf. Sannan ya yi gyaran murya ya kama: durrrrr. Amma in ya kama ya kama ke nan. Bai taɓa barin ƙanƙara ta narke a hannunsa ba. In mai ya kusa ƙare masa kuwa, ba ya ɗaukewa haka kawai kamar marasa tarbiyya. Sai ya yi ta hum-hum, hum-hum, yana ba mutum lokacin neman galan. Nan sunan ya samo asali.

Da Allah ya buɗa wa Babban Yaya, ɗan farin Kaka, mai shagon tayil, sai ya kawo wa gidan sola: faifai a kan rufi, batura a ɗakin ajiya, da inbata, na'urar da ke raba wa gida wutar batura, mai ƙyafta koren ido a bango. Kaka ta ce a rubuta wannan da kyau, domin ba ta manta alheri, kuma wannan alheri ne babba. Daga ranar aka mayar da marigayi gefe. Ba a nemansa sai hadari ya ɓoye rana kwana da kwanaki, batura sun yi laushi. Da wani ne aka yi wa haka, da ya yi zuciya. Shi bai yi ba. A bar shi har gizo-gizo ya yi saƙa a hannunsa, ranar da aka zo da buƙata ya ce tuf, ya tashi, kamar jiya aka rabu.

To a nan ne Kaka ta ce kowa ya buɗe kunne. Ranar da masu haɗa solar suka zo, sun haƙa rami a tsakar gida, kusa da magudanar ruwa, suka kafa wata sandar jan ƙarfe da ta fi tsayin mutum, suka zuba gawayi da gishiri, suka mayar da ƙasa, suka bar kanta kaɗan a waje. Suka ɗaura mata waya mai kore da rawaya, suka kai reshe jikin marigayi, reshe jikin inbata, reshe ga ƙarafan da ke riƙe da faifan sama, reshe ga firizar matar Auta, wadda da ita take sana'ar ƙanƙara. Babbansu ya yi wa Kaka bayani, don ita ya tarar zaune, maza duk sun fita. Ya ce wuta takan yi ɓatan hanya, in ta ɓata kuma ba abin da take nema sai ƙasa. In an yi mata hanya ta bi waya ta shige salin-alin. In ba a yi ba, ta bi ta jikin duk wanda hannunsa ke kan ƙarfe. Ya ce abu ɗaya: kada a bar wurin ya bushe ƙamas.

Kaka ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ta san hanya, ta kuma san mai neman hanya in an tare shi. Tun daga ranar kowace safiya ruwan ɗaurayar kwanuka a gindin sandar nan yake ƙarewa. Jikoki suka mayar da abin wasa, wai Kaka ta shuka ƙarfe tana jiran ya yi 'ya'ya, wai in ya nuna a sammusu. Ita kuwa takan ce musu sandar ta fi su, ko ba komai tana zaune inda aka ajiye ta. Duk tsawon shekarun nan ba wanda wuta ta taɓa ja a gidan, ko a jikin famfo.

Sai 'yar Kaka da ke aure a nesa ta haihu, haihuwar ta zo da wahala, Kaka ta tafi zaman jinya ta daɗe. Ta bar wa matar Auta amanar ban ruwa. Ranar da ta dawo, tana sa ƙafa a ƙofa ta tarar duk gidan an taru ana murmushi ana kallon fuskarta. Tsakar gida daga wannan bango zuwa wancan tayil ne, fari sol, mutum na ganin haɓarsa a ciki, ga wani ƙaton fure an zana a tsakiya da shuɗi da ruwan zinariya. Babban Yaya ne ya yi wa uwarsa bazata, don kada ta ƙara taka taɓo da damina. Bai bar ko tafin hannu na ƙasa ba a gidan. Kaka ta yi murna, kada wani ya ce ba ta yi ba. Ta yi ta sa masa albarka. Sai da aka kawo mata ruwa ta sha, sannan ta tambaya ina sandarta.

Matar Auta ta sunkuyar da kai. Ashe mai shimfiɗa tayil ne ya ga kan sandar zai ɓata masa layi, ya sa guduma ya danna ta ƙasa, ya datse wayar da filaya, ya bi da siminti. Matar Auta ta yi magana a lokacin, aka ce mata ta je ta ji da ƙanƙararta. Sandar tana nan ƙarƙashin furen, daidai cibiyarsa. Ƙafar Kaka ta san wurin ko an rufe mata ido.

Babban Yaya mutum ne mai kyauta, mai zumunci, amma tun yana goye ba ya son a ce masa ya yi kuskure. Ya ce wai Kaka ta kwantar da hankalinta, ba ƙasa take so ba? Washegari sai ga shi da tukunyar furanni ta roba, cike da baƙar ƙasa mai kyau, da ɗan tsiro a ciki. Ya soka doguwar ƙusa a tsakiya, ya naɗe guntun wayar nan mai kore da rawaya a kanta, ya ajiye tukunyar a kan tayil kusa da marigayi, ya kakkaɓe hannu. Kaka ta dubi tukunya ta dubi ɗanta, ta ce to madalla, gobe sai a zuba ruwa a kwano a ce an haƙa rijiya. Mata suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Kaka ta ce da ta san dariyar nan za ta zama siminti na biyu a kan sandar, da ta ja shi ɗaki ta faɗa masa su biyu. Tsiron dai ya yi kyau, har ya fitar da jan fure.

Jinyar marigayi ta fara ne a hankali. Da yake yana ɗigar baƙin mai, aka ce zai ɓata tayil, aka tura shi can kusurwa ƙarƙashin bakin rufi, inda ruwa ke tsiyaya. Laima ta shige shi. Shi da bai taɓa cutar da ko kaza ba, sai ya fara cizo: ka dafa ƙarfensa ka ji zirr har gwiwar hannu. Daga shi abin ya bazu. Famfo ya fara, ƙofar ɗakin girki ta fara, hannun firiza ya fi kowa. Muryarsa ma ta sauya, durrrr ɗin nan mai kwantar da hankali ya koma durr-kat, durr-kat, kamar mai son faɗin wani abu ana toshe masa baki. Matar Auta ta naɗe hannun firiza da tsumma. Aka kai wa Babban Yaya ƙara, ya ce laifin mutanen gidan ne da yawo ba takalmi kamar agwagi, ya aiko da silifa buhu guda, kowa da nasa, har da na baƙi.

An kira mai gyaran wuta, kuma Kaka ta ce a sa shi a sanarwar nan, ya ji da kunnensa. A gabanta ya gwada nan ya gwada can, ya girgiza kai, ya rantse cewa tukunyar nan ko kyankyaso ba za ta tsare ba, dole a mayar da sanda cikin ƙasa ta gaske, mai laima, a haɗa marigayi da inbata da faifai duka a kanta, in ba haka ba wata rana za a yi kuka. Yana cikin faɗa motar Babban Yaya ta tsaya a waje. Babban Yaya kuwa shi ke haɗa shi da masu sababbin gine-gine. Nan take harshen mutumin nan ya yi laushi, wai ranka ya daɗe ai za a iya lallaɓawa zuwa bayan damina, wai ba wani abin tayar da hankali ba ne. Ya sha ruwan sanyin gidan ya tafi. Kaka ta bi ƙeyarsa da kallo har ya fita, ta dai ajiye abin a ranta.

Ranar rasuwar, hadari ya kwana biyu bai bar rana ta leƙo ba, koren idon inbata ya koma ja. Aka ja igiyar marigayi, ya daɗe bai amsa ba, sannan ya tashi da ƙyar. Ana cikin haka ruwa ya kece da iska, yana feso baranda inda firiza take. Matar Auta ta fito da gudu za ta ja ta ciki. Tayil kuwa in ya jiƙe ya fi sabulu santsi, ta zame sau ɗaya, sai ta tuɓe silifan ta yar don kada ta faɗi. Kaka na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, tana gani. Ta buɗe baki za ta kira ta ke nan, yarinyar ta kama jikin firiza da hannu, tsawa ta faɗi a wani wuri kusa, farin haske ya rufe gidan.

Maganar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayi ita ce kwaaa, doguwa, irin wadda bai taɓa yi ba. Shuɗiyar wuta ta fito ta haƙarƙarinsa, hayaƙi ya biyo, ya ce tik, tik, ya yi shiru. Matar Auta kuwa an yi jifa da ita har jikin bango. Kaka ba ta san yadda ta isa wurin ba, gwiwoyinta ne suka ba ta labari daga baya, da rarrafe ta je cikin ruwa. Ta tarar da ita idanu a buɗe ba numfashi. Ta kira ta da sunan da ba ta taɓa kiranta da shi ba, na yanka, ta jijjiga ta, ta ƙwala ihu har maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ta shigo ba mayafi, ta hau danna mata ƙirji. Da numfashin ya dawo, abin da yarinyar nan ta fara tambaya shi ne ko an rufe firizar.

An sallamo ta daga asibiti. Tafin hannunta na dama ya ƙone, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce a jira a gani. Auta direban babbar mota ne, yana can kan hanya mai nisa, an dai gaya masa ta zame ta ji ciwo. Duk tafiyar da zai yi sai ya durƙusa gaban uwarsa ya ce Kaka ga ta nan a hannunki. Kaka takan ce na karɓa. To abin da aka karɓa mayarwa ake yi, kuma yadda aka kawo shi. Kaka ba ta taɓa riƙe kayan wani ta mayar da shi da tsaga ba, ko murfin tukunya ne.

Marigayi ya rasu ya bar inbata, wadda ta tsira amma tana wata ƙara da ba ta yi a da. Ya bar batura, suna kwance a ɗakin ajiya ba su san me ake ciki ba. Ya bar faifan sola a kan rufi suna shan rana a banza. Ya bar firiza, an buɗe bakinta tana wari. Ya bar galan da mazurari, marayu, da wata tsohuwar igiyarsa da aka sauya aka rataye a ƙusa. Ya bar babbar aminiyarsa, sandar jan ƙarfe, wadda aka binne da ranta ƙarƙashin fure, ba ta samu halartar jinyarsa ba. Tukunyar furanni ta ce ita ma dangi ce. Kaka ta ce ba ta san ta ba.

Tun ranar Kaka ta sa aka kashe komai, ta kulle ɗakin ajiya, inda makunnin sauya wuta yake, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Gidan ba fitila, ba fanka, jikoki na kai wayoyinsu caji maƙwabta suna kumbure-kumbure. Wannan duk bai dame ta ba. Abin da ya karya mata zuciya shi ne matar Auta da kanta, hannu a naɗe, ta zo ta durƙusa tana roƙo a kunna, wai masu sayen ƙanƙararta sun fara komawa wani gida, wai za ta sa safar roba, wai za ta kiyaye. Kaka ta ce mata 'yar nan, masu saye in sun tafi ana samun wasu, ke in kin tafi wa zan nuna wa Auta? Yarinyar ta yi kuka. Kaka ta juya fuska bango har ta fita.

Babban Yaya ya zo duba mara lafiya, ya ɗauki nauyin asibiti gaba ɗaya, ba wanda ya roƙe shi. Kaka ta ga idonsa lokacin da aka kwance bandejin, ta san abin ya taɓa shi. Amma da aka zo maganar sanda sai ya murtuke. Ya ce tsawa daga Allah take, ko sanda goma ne sai ta faɗi. Ya ce marigayi dama ya gama zamaninsa, ga sabo nan ya saya mai tashi da makulli, ba sai an ja igiya ba, jibi za a kawo, in ba a ba da makullin ɗakin ajiya ba zai zo da kafinta. Ya ce irin tayil ɗin furen nan an daina yinsa, har masu saye yake kawowa gidan su gani. Daga ƙarshe ya faɗi wadda ta fi zafi, yana kallon ƙasa: shi ya yi wa uwarsa abin da ba ɗan da ya yi a unguwar, in aka sa guduma a kai a gaban mutane, to an nuna masa matsayinsa, zai cire hannunsa daga gidan.

Kaka ta san ɗanta, in ya faɗa yana iya aikatawa. Ta kuma san wa ke kawo buhun abinci, wa ke biyan makarantar jikoki. Ta auna wannan ta auna wancan har kanta ya yi ciwo. Ita ta goya shi, ta san nauyinsa tun bai san kansa ba, kuma ba ta son ranar da za ta ji motarsa ta wuce ƙofar gidan ba ta tsaya ba. Amma fushin ɗa ana rayuwa da shi, ana aika masa ƙannensa, ana jira. Wancan abin da ta gani a jikin bango ba a aika masa kowa.

Saboda haka Kaka tana tuna wa jama'a cewa marigayi ya rasu ana riƙe masa da bashi, ba na kuɗi ba, kuma lokacin biya ya yi. Mai walda na bakin titi, wanda nasa injin ya mutu yana tsakiyar aikin ƙofofin wani gini, ya zo ya ɗauki marigayi a baro ya dawo da shi ba mai ko ɗigo: ya zo da guduma babba. Tela, da ya kwashe mako yana jan waya ta kan katanga lokacin da ɗinkin biki ya taru masa, ya ce Kaka ban san da me zan saka miki ba: yau ta gaya masa, da shebur. Mai aski ya zo da diga, ya san dalili, ba sai an faɗa a bainar jama'a ba. Mai gawayi, da aka ajiye wa maganin mahaifiyarsa a firjin gidan har Allah ya karɓi abarsa, ya zo da buhu. Mai kanti ta kawo gishiri. Mai shimfiɗa tayil ya zo da injin yankansa, shi ya rufe, shi ya san inda bakin kowane tayil yake, in ya yi hankali wataƙila rabin furen ya tsira. Mai gyaran wuta ya zo da sabuwar waya da abin awonsa, ya kuma zo da bakin nan na farko, wanda ya yi magana da shi kafin mota ta tsaya. Na biyun ya baro shi a gida.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An riga an jawo gawar tsakiyar tsakar gida, an ajiye ta gefen furen, ba a rufe ta ba, duk mai shakkar abin da ya faru ya sunkuya ya shinshina. Za a taru gobe da safe, kafin rana ta yi zafi, kwana ɗaya kafin isowar sabon. Za a haƙa kabari a cibiyar furen har a tarar da kan sandar, a jiƙa ta, a sabunta mata gawayi da gishiri, a ɗaura mata wayarta, a bar mata 'yar kafa da murfi inda ruwa zai riƙa shiga. Marigayi ba zai kwanta a ciki ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauke shi bayan an gama. Kabarin nasa ne dai, don da an bar masa shi tun farko da yau yana nan yana gunaguninsa. Ba a buƙatar kuka mai sauti, matar Auta ba ta son hayaniya tukuna. Mata masu zuwa gaisuwa su zo da ruwan shansu, ba mai sanyi a gidan.

Saura abu ɗaya. Duk waɗanda aka kira sun ce za su zo, amma kowannensu ya ce shi ba zai fara fasa tayil ɗin wani ba, kuma Kaka ba ta ga laifinsu ba. Bugun farko na babban ɗan gida ne. Kaka za ta sa a fito mata da kujera tun da sassafe, ta zauna kusa da gawar da guduma a cinyarta, tana fuskantar ƙofa. In Babban Yaya ya shigo, za ta miƙa masa da hannu biyu, kuma ta haramta wa kowa ya yi dariya, ko ya ce ai dama an faɗa, ko ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Wanda ya yi, shi da ita ne har abada. In inuwar katanga ta janye daga kan furen bai zo ba, za ta miƙe ta buga da kanta.

Gudumar mai walda ce, ya riga ya aiko da ita, tana da nauyi, Kaka ta gwada ɗaga ta ɗazu. Tana roƙon jama'a, in ta ɗaga ta kasa, kada wanda ya karɓar mata. A aika shago kawai a gaya masa abin da uwarsa take yi.